Gidan Gaba na Wanda Aka Kayar Ne

Da hantsi labarin ya same ni, ina zaune a inuwar darbejiyar ƙofar gidana a Farin Dutse, ina warware igiyar guga. Waya ta yi ƙara a aljihu, na ɗauka, sai na ji muryar Sabo, babban ɗan Alhaji Hudu na Kangire. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Baba Garba, Allah ya yi wa Alhaji rasuwa bayan sallar asuba. Da azahar za a yi jana'iza." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake faɗa, har yaron ya kashe wayar ban sani ba. Abin da ya ba ni mamaki, ba kuka ne ya fara zo mini ba. Ganga na ji. Wallahi ganga, can nesa-nesa, irin wadda ake jiyowa ta saman karan dawa idan an doshi filin kokawa, alhali babu mai kiɗa ko ɗaya a garin a wannan safiya. Na daɗe zaune da igiyar a hannuna kafin na iya miƙewa in nemi abin hawa.

Alhaji Hudu abokin aikina ne, ya ɗan girme ni. Mun haɗu a tashar Birnin Kudu 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, zamanin da gyaɗa ke riƙe da ƙasar nan. Yana jan motar katako, ni ma ina jan wata, muna kwasar gyaɗa da dawa daga kasuwannin Gwaram da Basirka mu kai Kano. Mutum ne dogo, mai sanyin magana, yana tuƙi kamar ƙwai ya ɗauko. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki da saurin hawa, duk tasha an shaida. Mutane sun sha tambayar abin da ya haɗa wuta da ruwa irin haka, kuma amsar ba ta da nisa: kallon wasa ne ya haɗa mu.

Masu ta'aziyya sun faɗi sallarsa da zumuncinsa da yadda yake ciyar da baƙi, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da na gani a bakin fili zan faɗa, domin a can na san shi. A can ne kuma ya shiga tsakanin gidanmu da wani babban rashi, a shekarar da ƙanena Ilu ya rantse ba zai sake taka Farin Dutse ba, tsohuwarmu kuwa tana zaune a ƙofar gida tana jiransa.

A wancan zamani, da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, sai garuruwa su fara aike wa juna gayyatar kokawa. Ranar wasa Hudu yakan wanke motarsa tun da safe, ya share ɓawon gyaɗa daga bodi, ya shimfiɗa tabarmi. Ni nakan ajiye tawa a tasha in bi shi, don na san halina: idan na gama ihu a fili, hannuna ba ya iya riƙe sitiyari. Mu bi ƙauyuka muna ɗibar mutane, makaɗa da 'yan kokawa da tsofaffin da suka daina komai ban da gardama. Motar ta riƙa tangaɗi a kan burji, gonaki sun yi fayau, shanu sun bazu cikin kara, duwatsu suna fitowa suna ɓuya. Kafin ka ga garin, kiɗan ya riga ya tarye ka. Har yau idan na rufe ido ina ganin filin Basirka, wani rairayi mai laushi a gefen rafi, jama'a sun yi da'ira, na gaba a zaune, na baya a tsaye, masu rake da masu ƙosai suna ratsawa. Rana ta karkata, haskenta ya yi ja a jikin 'yan wasa, layu suna lilo a damatsansu. Idan biyu suka kama juna, fili yakan yi tsit har ka ji numfashinsu. Can sai ƙasa ta amsa, ihu ya tashi gaba ɗaya, tsuntsaye su watse daga kan tsamiya.

Ni a sahun gaba nake zama, in yi ta zuga namu har murya ta dushe. Hudu kuwa a kan rufin motarsa yake harɗe ƙafa, da butar ruwa a gefensa. Ban taɓa jin ya yi ihu ba, amma babu kamun da ke wuce shi. Idan an yi kaye, jama'a suka kwasa da gudu suka ɗaga gwani sama, sai ka ga Hudu ya sauko a hankali, ya ratsa ta bayan taro, ya nufi wanda ke zaune a ƙasa shi kaɗai. Ya miƙa masa buta, ya kakkaɓe masa rairayin baya, ya kama hannunsa. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Hudu, kai wane irin ɗan kallo ne? Mutane na can, kai kana nan?" Ya ce, "Garba, wanda ya tsaya yana da masu ɗaukarsa. Ni mota na kawo, kuma mota ta wanda ƙafarsa ta yi nauyi ce."

Daga nan dokarsa ta samo asali, wadda duk wanda ya taɓa hawa motarsa ya sani. Idan za a koma gida, gwani da makaɗa da kowa da kowa a baya suke hawa, su yi ta kiɗa da shewa. Gidan gaba, wato kujerar da ke kusa da direba, wadda a sauran ranaku ta manyan mutane ce, ranar kokawa ta wanda aka kayar ce. Ko daga wane gari yake, in dai hanyarsa ta bi tamu. Wata rana a Gwaram wani babban ɗan kasuwa, mutumin kirki kuwa, ya tattaro babbar rigarsa ya buɗe ƙofa zai shiga. Hudu ya rusuna ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yau an riga ka." Alhajin ya leƙa ya ga wani ƙato a takure da rairayi a gashinsa, ya rufe ƙofar da kansa, ya sa aka ja shi ya hau baya. Mun yi dariya ranar har cikinmu ya ƙulle, shi ma yana yi.

Na tambayi da yawa daga waɗanda suka zauna a kujerar nan abin da yake gaya musu a hanya. Duk amsarsu ɗaya ce: ba komai. Yakan ɓare goro ya miƙa, ya yi maganar ramukan hanya, ko ya ce motar nan giyarta ta fara gardama. Ba wa'azi, ba ban-baki. Sannan ba ya sauke mutum a dandali inda aka sauke kowa, sai ya zaga da shi har ƙofar gidansu. Yakan ce, "Mutumin da ya gama jin ihun gari guda ba ya bukatar ƙarin murya. Wanda zai zauna kusa da shi yake bukata."

Ilu shi ne autanmu. Mahaifinmu ya rasu tun yana yaro, ni kuma hanya ta ɗauke ni, don haka gona da gida da Inna duk a wuyansa suke. Idon Inna ya fara raguwa a lokacin, Ilu ne idonta. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban inda nake ba, amma shi "Auta" take ce masa, kuma ba ta cin tuwo sai ta ji motsinsa a tsakar gida. Allah ya ba shi ƙira da ƙarfi, ya shiga kokawa, kuma tun da ya shiga bayansa bai taɓa ƙasa ba. Farin Dutse ta ɗauke shi ta ɗora a ka. Makaɗa suka yi masa taken kansa. Ni kuwa ba a magana, duk tashar da na tsaya sai an ji labarin ƙanena, ko ana so ko ba a so.

Abin ya faru ne a kakar shekarar da aka sauya hannu, motoci suka koma bin dama. Lokacin kuɗin man fetur ya fara shigowa, ana ta gine-gine a birane, samari suna barin garma suna cika motoci zuwa Kano, wasu har Ikko, kuma da yawansu daga ranar ba a sake ganinsu ba sai dai labari. Muka je Basirka da mota cike. Aka fito wa Ilu da wani gajeren mutum daga wajen Bauci, wanda babu wanda ya san sunansa. Na yi dariya da na gan shi, na ce a kawo wani, wannan ai ɗan rakiya ne. Suka kama. Ban san yadda zan kwatanta abin da ya biyo baya ba, domin har yau a hankali nake ganinsa, kamar a cikin ruwa. Gajeren ya nutse, ya shige ƙarƙashin Ilu, na ga tafin ƙafar ƙanena, wanda ban taɓa gani a fili ba, ya rabu da ƙasa. Na ga layarsa ta tsinke ta yi sama. Sai ga Ilu a kwance yana kallon sararin Allah. Mutanen Basirka suka ɓarke da ihu, amma ni ban ji komai ba, bakuna kawai na ga suna buɗewa.

Hudu ya sauko da butarsa kamar kullum. A hanyar dawowa makaɗanmu suka kife gangunansu. Muka iso Farin Dutse ana kiran magariba, jama'a suka sauka kowa ya sulale. Hudu ya zaga ƙofar gidanmu ya tsaya, na diro na buɗe gidan gaba. Ilu bai motsa ba.

"Sauko mana," na ce.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam Hudu, gobe Kano za ka?"

Hudu ya ce, "In Allah ya yarda."

"To ni ma can za ni. Wallahi ƙafata ba za ta sake taka garin nan ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Ilu! A kanka aka fara kaye? Ga Inna can a ciki tana jiranka, kai kana nan kana rantse-rantse. Sauko kafin in sauko da kai!"

Ya ce, "Yaya, da wane ido zan shiga? Gobe yara a bakin rijiya za su nuna ni."

Na juya ga Hudu ina jiran ya sa baki. Sai kawai mutumin nan ya ce, "Garba, rufe ƙofar." Ya miƙo dogon hannunsa ya ja ƙofar da kansa, ya ta da mota, suka tafi suka bar ni a tsaye. Na shiga gida, Inna ta ɗago kai ta ce, "Ina Auta?" Na ce ya raka Hudu. Ba ta sake tambaya ba, amma daga ranar, kullum la'asar sai ta lallaɓa da tabarmarta ta zauna a bakin zaure, fuskarta wajen hanya.

Da na kama Hudu a tashar Birnin Kudu, babu abin da ban gaya masa ba. Na ce ya raba uwa da ɗa, na ce wannan tausayi nasa ya zama ɓarna. Direbobi suka taru suna ba ni haƙuri. Shi kuwa yana tsugune yana duba taya, sai da na gaji don kaina sannan ya miƙe ya goge hannu. Ya ce, "Da na sauke shi ranar nan, da asuba zai hau motar da ba ka san direbanta ba. A tawa, ka san inda yake kwana." Ya ce ya ajiye shi wurin wani ɗan'uwansa a Kano, yana taya su lodi. Sannan ya yi mini wata tambaya da ta tsaya mini a rai. Ya ce, "Garba, ƙanen nan naka ya taɓa kallon kokawa?" Na ce wace irin magana ce wannan, mutumin da ya girma a fili? Ya ce, "A tsakiya ya girma. Bai taɓa zama a gefe ya ga yadda kaye yake a idon mai kallo ba. Shi a ganinsa duniya ce ta tsaya ranar nan, kuma har yanzu tana tsaye tana kallonsa. Bar ni in koya masa kallo."

Haka aka yi duk ranin nan. Ilu yana gidan gaba, Hudu yana yawo da shi duk inda ake wasa, amma nesa da ƙasarmu. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don labari ya iso mini cewa wani ɗan kwangila yana ɗibar majiya ƙarfi zuwa Ikko kafin damina, kuma Ilu ya ce a sa da shi. Inna tana ramewa. Gona tana nan ko sharar farko ba a yi ba.

Wata Asabar Hudu ya ce in same su a Kano, za mu kallon ƙwallo. Ranar na fara shiga babban fili. Abin da ya fara kama idona ciyawa ce, kore shar a tsakiyar rani, har na ji kamar in cire takalmi. Jama'a hawa-hawa har sama, fararen riguna da huluna iya ganinka, kuma ga wani abin al'ajabi: mutane da yawa sun kara rediyo a kunne suna sauraron labarin wasan da ke gabansu. Muryar mai sharhi tana fitowa daga ko'ina lokaci ɗaya, sai ka rasa ko a farke kake. 'Yan wasa suka fito, masu jar riga na gida, masu koriya baƙi. Ƙwallo ta riƙa tashi tana ratsa hasken yamma, dubban kawuna suna binta tare, dama da hagu. Ni da ban san kowa a cikinsu ba, kafin a jima na tsinci kaina a tsaye ina zagin alƙalin wasa.

Ilu yana tsakaninmu, ya ja hula har gira. Ana cikin haka aka buga wata ƙwallo mara ƙarfi, golan masu ja ya durƙusa zai ɗauka, ta zille ta bi tsakanin ƙafafunsa ta shige raga. Filin nan ya yi wani irin nishi, sannan zagi ya fara sauka. Golan ya dafe kai. Na ga Ilu ya sunkuya kamar shi aka ci. Hudu ya taɓa gwiwarsa ya ce, "Kada ka kalle shi. Kalli mutane." Ilu ya ɗago. Ba a jima ba, na gabanmu ya kira mai rake, na gefensa ya koma gardama a kan wani ɗan wasa daban, wani yana neman wanda ya taka masa takalmi. Can gab da tashi aka sake auno golan da wata mai zafi, ya tashi sama ya doke ta, sai ga bakunan nan da suka zage shi suna yi masa kirari.

Ilu ya ce a hankali, "Har sun manta?"

Hudu ya ce, "Ba su manta ba. Wasa suka zo gani, wasan kuma bai ƙare ba."

Na ɗauka an gama, har na fara murna a zuci. Amma da muka fito, Ilu ya girgiza kai ya ce, "Malam Hudu, nan birni ne. Waɗannan ba su san uwarsa ba, ba su san ƙofar gidansu ba. Ni a Farin Dutse kowa ya san ni." Hudu bai yi musu ba, ya ce haka ne. Washegari da la'asar na koma gida, na tarar da Inna a bakin zaure, fuskarta wajen hanya.

Kokawar ƙarshe ta wannan rani a Kangire aka yi, garin su Hudu, zafi ya kai matuƙa, ana ta duban gabas. Ban san yadda ya shawo kan Ilu ya zo ba, don ya san mutanenmu za su halarta, kuma saura kwana kaɗan motar ɗan kwangila ta tashi. Ya dai zo, amma ya ƙi fitowa daga gidan gaba, ta gilashi yake kallo. Ni ina gefen motar ina satar kallonsa. Da fari yana zaune kamar gunki. Da wasa ya yi wasa, na ga kafaɗarsa ta fara motsi, tana bin kamun da ake yi. Aka fito da wani jibgegen mutumin Gwaram, Ɗanjuma, aka haɗa shi da ɗan gari. Suna cikin turereniya sai na ji murya ta fashe a bayana: "Ƙafar hagu! Janye ƙafar hagu, kai!" Ilu ne, ya zuro kai da kafaɗa ta taga, jijiyar wuyansa a miƙe. Ɗanjuma bai ji ba, aka taɗe shi, ya zube.

Hudu ya sauko daga rufi, amma maimakon ya nufi fili, sai ya buɗe ƙofar gidan gaba. Ya ce, "Ilu, sauka ka hau baya."

Ilu ya ce, "Ni?"

"Kai. Ka daɗe a kujerar nan. Yau akwai wanda ciwonsa ya fi naka sabunta." Ya miƙa masa butar. "Je ka taho da shi."

Ilu ya dubi butar, ya dubi filin, ya dubi bayan motar inda mutanen Farin Dutse suka fara hawa. Sai ya karɓa, ya ratsa taro da kansa a sunkuye, ya je ya tsuguna gaban Ɗanjuma. Ban ji abin da ya ce masa ba. Na dai ga ya kakkaɓe masa baya, ya taho da shi ya zaunar, ya rufe ƙofa. Daga nan babu sauran wurin ɓuya, ya kama katako ya hau.

Duk bayan motar aka zuba masa ido. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su gan shi ba, ga shi tsaye a kansu. Sai wani tsoho, Baba Tanko, wanda ba ya fashin kokawa tun kafin a haife mu, ya muskuta ya buɗa masa wuri, ya karya rakensa ya miƙa masa rabi. Ya ce, "Yawwa Ilu, gara da Allah ya kawo ka. Tun ɗazu nake fama da waɗannan, wai ƙarfi aka fi Ɗanjuma. Kai da ka san abin, gaya musu." Ilu ya ce, "Ba ƙarfi ba ne, Baba. Ƙafa ya bari a baya." Wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce gaskiya ne, gardama ta kaure. Mota ta tashi. Ina kallon ƙanena ya miƙe a tsakiyar bodi yana nuna yadda aka saka ƙafar, mota na tangaɗi, mutane na riƙe shi kada ya faɗi. Hadari ya haɗo daga gabas, iska mai sanyi ta taso da ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri can. Makaɗi ɗaya ya jawo gangarsa ya fara taɓawa a hankali. Ban taɓa yin tafiya mai daɗin wannan ba, kuma ban so ta ƙare ba, don ina tsoron abin da zai faru idan mota ta tsaya.

Ta tsaya a dandalin Farin Dutse. Jama'a suka fara dirowa, gardama ba ta yanke ba, Baba Tanko yana riƙe da hannun rigar Ilu yana cewa bai gamsu ba. Ilu ya diro yana ba shi amsa. Sai da ya yi taku da yawa sannan ya tsaya cak, ya dubi ƙasar da yake takawa. Ya waiwaya. Hudu bai yi hon ba, bai leƙo ba, ya riga ya saka giya ya kama hanyar Gwaram da baƙonsa.

Inna tana bakin zaure a kan tabarmarta. Idonta bai kai ya gane fuska ba, amma tun daga nesa na ga ta gyara zama, ta karkata kunne.

Ta ce, "Auta?"

Ilu ya durƙusa. "Na'am, Inna."

"An ce an kayar da kai."

"An kayar da ni, Inna."

Ta laluba ta kama kansa, ta shafa ƙeyarsa da kafaɗunsa. "Ka ji ciwo?"

"A'a."

"To, alhamdu lillahi. Shiga ka ci tuwo. Gobe ka duba mana iri, ka ga hadari."

Daminar nan ita ce ta ƙarshe ga Inna. Gero yana fitar da kai ciwo ya kwantar da ita, ni kuwa ina Kano da lodi, ban samu labari ba sai bayan an binne ta. Ilu ne ya yi jinyarta, shi ya ba ta ruwa na ƙarshe, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada, a kan cinyarsa ta cika. Samarin da suka bi motar ɗan kwangila kuwa, sai bayan shekaru aka fara jin ɗuriyarsu. Duk lokacin da na tuna cewa tsohuwar nan ba ta mutu tana fuskantar hanya ba, sai in ji ƙaunar Hudu ta cika mini ƙirji. Na gode masa sau ɗaya, ya ce in bar maganar, kuma bai sake yarda an tayar da ita ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Ya Allah, ga bawanka Hudu ya zo gare ka, ba shi da kowa sai kai. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, ka tsayar da harshensa wajen amsa tambaya. Ka sa kyakkyawan halinsa ya bi shi, ka haɗa shi da iyayensa da Innarmu a Aljannar Firdausi. Hajiya da ya bari, da Sabo da ƙannensa maza da mata, da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya riƙa muku, ya haɗa kanku, kada ya bar gidan nan ya yi sanyi. Mu kuma da muka saura, abokan tafiyarsa da ƙarfi ya ƙare mana, Allah ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.